Rubutu Ɗaya, Furuci Iri-iri: Wasulan Harshen Welshanci daga Arewa zuwa Kudu

 

Yau bahasinmu zai kai mu can tsibirin Birtaniya, wurin wata al'umma wadda, ko da yake ta shafe ɗaruruwan shekaru tana maƙwabtaka da Ingila a ƙarƙashin sarauta guda, kuma ko da yake Turanci ya mamaye kotunanta da kasuwanninta da makarantunta zamani mai tsawo, ba ta yarda ta saki harshen kakanninta ba. Ƙasar ita ce Wales, wadda mutanenta ke kira Cymru, harshen kuwa shi ne Welshanci, wanda masu shi ke kira Cymraeg. Mas'alar da za mu duba ƙarama ce a ido, amma tana ɗauke da darasi babba, ita ce yadda mutanen wannan ƙasa suka saɓa wa juna wajen furta wasulan harshensu, alhali kuwa dukansu ƙa'idar rubutu guda suke bi, littattafai guda suke karantawa.

Wales tana yamma da Ingila, ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai da yawan ruwan sama, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3. Ƙidayar da aka yi a shekarar 2021 ta nuna cewa mutum 538,300 daga cikin masu shekara 3 zuwa sama suna jin Welshanci, wato kashi 17.8 cikin 100, kuma hukumar ƙasar ta ɗaura niyyar kai adadin zuwa miliyan 1 kafin shekarar 2050. Harshen ba reshen Turanci ba ne. Danginsa na kusa su ne harshen mutanen Biritani da ke arewa maso yammacin Faransa da na mutanen Konwal da ke kudu maso yammacin Ingila, kuma kakansa yana tsibirin tun kafin kakannin Ingilishi su ƙetaro teku. Malaman lugga na ƙasar sun saba kasa shi gida huɗu bisa ga tsofaffin masarautu: karin Gwynedd a arewa maso yamma, karin Powys a tsakiya da arewa maso gabas, karin Dyfed a kudu maso yamma, da karin Gwent da Morgannwg a kudu maso gabas. Talakawa kuwa a bakinsu kashi biyu ne kawai, na Arewa da na Kudu, har ma sun yi wa juna laƙabi, ana kiran ɗan Arewa Gog, ana kiran ɗan Kudu Hwntw.

To, mu shiga cikin wasulan. Mu da muka saba da wasula biyar a rubutun boko, za mu tarar a Welshanci guda bakwai ne, domin bayan a, e, i, o, u, sun ƙara w da y. Harafin w shi ke ɗauke da sautin da mu muke rubutawa da u, saboda haka kalmar cwm, wato kwari tsakanin duwatsu, ana furta ta kum. Harafin y kuwa aiki biyu yake yi: a gaɓar ƙarshe ta kalma yana da sauti bayyananne, a sauran gaɓoɓi kuma yakan zama wani ɗan guntun sauti mai rauni wanda harshe ke kwance a tsakiyar baki yayin fitarsa, kamar yadda ake ji a kalmar mynydd, wato dutse, inda y na farko yake da rauni, na biyu kuma yake bayyananne. Amma haruffa daban, sautuka daban. Masu nazarin furuci suna ƙirga wa mutumin Arewa tilon wasali 13 da tagwan wasali 13, mutumin Kudu kuwa 11 da 8, kuma kusan dukan wannan rata daga tushe guda ta taso, wato daga harafin u.

Mutumin Arewa, idan ya zo furta u, sai ya baje leɓɓansa kamar mai shirin cewa i, sa'an nan ya janye harshensa baya kaɗan zuwa tsakiyar baki, ya ɗaga shi sama kusa da ganɗa, sai wani sauti ya fito wanda yake tsakanin i da u, bai zama ɗayansu ba. Da wannan sautin ne kuma yake furta y bayyananne. Mutumin Kudu ba shi da wannan mafita ko kaɗan. A bakinsa i da u da y bayyananne duk sun narke sun zama i. Sakamakon haka, kalmar ti, wato kai ko ke, da kalmar tŷ, wato gida, waɗanda ɗan Caernarfon a Arewa ke rarrabewa ba tare da ya yi tunani ba, a bakin ɗan Llanelli a Kudu sauti guda ne, tii. Haka mil, wato dubu, da mul, wato alfadari. Haka ci, wato kare, da cu, wato abin ƙauna. Kada mai sauraro ya zaci cewa wannan yana rikita zance a Kudu, domin mahallin magana yakan warware shubuha, ba wanda zai ji an ce an sayi abu da fam dubu ya ɗauka alfadari ake nufi. Inda wahalar take shi ne a makaranta, ranar da yaro ya ɗauki alƙalami, ya ji sauti guda a kunnensa, ya ga haruffa uku a gabansa. Dalili ke nan da ya sa malaman Kudu suka yi wa haruffan alkunya don a bambanta su wajen shifta, suna cewa i dot, wato i mai ɗigo, da u bedol, wato u mai siffar takalmin doki.

Abin da tarihi ya nuna game da wannan shi ne, a zamanin da aka rubuta tsofaffin littattafan harshen, kimanin shekara 700 da suka wuce, haruffan nan uku kowanne da sautinsa: i a gaban baki, y a tsakiya da leɓɓa a baje, u kuma a tsakiya da leɓɓa a zagaye. Da zamani ya yi tsawo, sai u ya bar zagaye leɓe ya haɗu da y, aka koma sauti biyu. A nan Arewa ta tsaya. Kudu kuwa ta ƙara taki ɗaya, ta tura wannan sautin na tsakiya zuwa gaba ya haɗu da i. Ashe ke nan babu ɗaya daga cikinsu da ya riƙe furucin magabata cif, sai dai ɗaya ya fi ɗaya nisa da shi, rubutu kaɗai ne ya adana dukan ukun. Shaidar wannan tana cikin sunan ƙasar kanta, domin Cymru, wato ƙasar, da Cymry, wato mutanenta, sun bambanta a takarda, amma a baki ba a rarrabe su, Arewa da Kudu.

Mas'ala ta biyu ita ce ta tsawon wasali, wadda Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa, tun da yake a harshenmu ja da rashin ja shi ke raba garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Haka yake a Welshanci: tân mai ja wuta ce, tan maras ja ma'anarsa har zuwa; tôn mai ja karin waƙa, ton maras ja igiyar ruwa. Inda ƙa'idar rubutu ba ta isa ta nuna jan ba, sukan ɗora wa wasalin wata alama da yara ke kira to bach, wato ɗan rufin ɗaki. Sai dai Arewa da Kudu ba su yi ittifaƙi a kan wuraren maddi ba. Mafi yawan kalmomin harshen nauyin murya yana sauka ne a kan gaɓar kusa da ta ƙarshe, to, a wannan gaɓar ɗan Kudu yakan ja wasali idan baƙi ɗaya ne ya biyo shi, ya ce kaani a kalmar canu, wato rera waƙa, ɗan Arewa kuwa ya gajarta wasalin, ya ɗan dakata a kan baƙin da ke binsa. A wani wurin kuma sai al'amarin ya juye: kalmomi masu gaɓa ɗaya irin su Pasg, wato bikin Ista, da gwallt, wato gashin kai, Arewa ce ke jan su, Kudu ta gajarta, kalmar gwell kuwa, wato mafi kyau, Kudu ke ja, Arewa ta gajarta. Kowane ɓangare yana bin ƙa'idarsa ba tare da tuntuɓe ba, ko da bai taɓa jin sunan ƙa'idar ba.

Mas'ala ta uku ita ce za ta nuna mana cewa raba ƙasar biyu kawai bai wadatar ba. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin yin jam'i a Welshanci shi ne ƙara au a ƙarshen suna, kamar pethau, wato abubuwa, da llyfrau, wato littattafai. Mai wa'azi a kan mumbari, da mai karanta labarai, da mai rera waƙa a taro, sukan cika wannan tagwan wasali kamar yadda yake a rubuce. Amma a hirar gida da ta kasuwa da wuya a ji wanda ya cika shi. Mutanen arewa maso yamma, wato Gwynedd da tsibirin Môn, suna cewa petha, llyfra. Mutanen arewa maso gabas da na tsakiya da na kudu maso yamma suna cewa pethe, llyfre. Sa'an nan idan aka gangara can kudu maso gabas, kusurwar da ta fi kowace nisa da Gwynedd, sai a sake jin petha a bakin tsofaffin masu karin wurin. Wato kusurwa biyu masu nisa da juna sun dace a kan a, faffaɗan yankin da ya ratsa tsakaninsu ya tsaya a kan e. A Gwynedd wannan ɗabi'a ta kai har ga kalmomin da ke ƙarewa da e tsantsa, saboda haka bore, wato safiya, ta zama bora.

Wannan saɓani har ya taɓa kaiwa gaban hukuma. Akwai wani mashahurin dutse a kudancin Gwynedd wanda littattafai ke rubuta sunansa Cadair Idris, wato kujerar Idris, mutanen da ke zaune a gindinsa kuwa Cader suke cewa tun kaka da kakanni. A shekarar 2016 hukumar da ke kula da gandun duwatsun yankin ta zauna ta yi shawara, ta yanke cewa allunanta za su bi bakin mutanen wurin, duk da cewa masu ba da shawara kan daidaita sunaye sun fi son siffar littafi.

Mas'ala ta huɗu, almajiran Alƙur'ani za su gane ta da sunan da malaman tajwidi suka ba irinta, wato imala, karkatar da fataha zuwa wajen kisira, kamar yadda mai karatu da ruwayar Warshu yake karkatar da wasalin ƙarshen sunan Musa. A tsakiyar Wales, musamman a yankin Maldwyn da wani sashe na Meirionnydd, da kuma can kudu maso gabas, dogon a yakan karkata zuwa e, su kuma suna kiransa a fain, wato siririn a. Saboda haka tad, wato uba, ya zama têd. Cath, wato kyanwa, ta zama cêth. Tân, wutar nan da muka ambata, ta zama tên. Da jin wannan a bakin mutum, Bawelshe ya san daga inda ya fito kafin ya faɗi sunan garinsu.

Ta biyar ita ce ta tagwayen wasula a kalmomi masu gaɓa ɗaya. Inda ɗan Arewa ke furta wasula biyu a jere, ɗan Kudu yakan haɗiye na biyun ya ja na farkon: coed, wato itatuwa, ya zama côd, gwaed, wato jini, ya zama gwâd, llaeth, wato madara, ta zama llâth. A kudu maso yamma kuma dau, wato biyu, yakan zama dou, haul, wato rana, ta zama houl. Yankin Penfro, can ƙurewar kudu maso yamma, ya ɗauki tasa hanyar daban, domin a can coed cwêd ne, oes kuma, wadda ake amsa tambaya da ita a ce i, akwai, ta zama wes, har maƙwabta suna yi wa mutanen wurin kirari da wes wes. Malamai biyu, Beth Thomas da Peter Wynn Thomas, da suka wallafa littafi kan kare-karen harshen a shekarar 1989, sun tara wannan bayani duka a cikin sunan littafin, suka kira shi Cymraeg, Cymrâg, Cymrêg, wato sunan harshen kansa kamar yadda yake fita daga baki uku: na littafi da Arewa, na kudu maso yamma, da na kudu maso gabas inda haɗiyewa da imala suka taru.

Mai sauraro zai so ya san abin da ya haddasa wannan ihtilafi a ƙasar da ba ta da faɗi ƙwarai. Sababi na farko duwatsu ne, waɗanda suka tokare tsakiyar ƙasar suka sa mu'amalar kowane kwari ta fi yawa da na kusa da shi. Har yau wanda ya hau jirgin ƙasa daga Kadif, babban birnin ƙasar a Kudu, zuwa Bangor a Arewa, sai ya ratsa ta cikin Ingila kafin ya isa. Na biyu siyasa ce: ƙasar ta daɗe a rarrabe cikin masarautu, sa'an nan bayan an kashe Llywelyn, sarkin Gwynedd, a shekarar 1282, mulki ya koma hannun sarkin Ingila, dokar 1536 kuma ta mai da Turanci harshen shari'a da muƙami. Harshen ya rasa fada guda wadda kowa zai kwaikwayi furucinta, saboda haka kowane yanki ya ci gaba da tafiya a kan tasa turba.

Abin da ya hana wannan rarrabuwa ta kai ga tsinkewa shi ne littafi. A shekarar 1588 wani malamin Kirista ɗan Arewa, William Morgan, ya fitar da fassarar Baibul cikakkiya da Welshanci, ya gina ta a kan tsararren harshen mawaƙan fada na dā, wanda yake mallakar ƙasar duka. Aka sake gyara ta a 1620. A ƙarni na 18 makarantun yawo da Griffith Jones na Llanddowror ya kafa suka koya wa dubban talakawa karatu da wannan littafi, masu wa'azi kuma suna zagaya ƙasar daga Kudu zuwa Arewa, har kunnen kowa ya saba da harshen mumbari a gefen harshen gida. A 1928 aka fitar da littafin ƙa'idojin rubutu wanda Sir John Morris-Jones na Bangor ya jagoranci tsara shi, wanda a kansa ne rubutun yau ya dogara. Hikimar wannan rubutu ita ce, kowa yana duban harafi guda ya ba shi sautin garinsu, ɗan Môn ya karanta u da tsakiyar baki, ɗan Dyfed ya karanta shi i, kuma ba a ce ɗayansu ya yi kuskure ba.

An taɓa gwada wata hanyar. A shekarun 1960 wasu masana, da kyakkyawar niyya, suka tsara wani matsakaicin salon magana mai suna Cymraeg Byw domin a koyar a makarantu, wanda ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can. Amma jama'a da yawa suka yi ƙorafin cewa ba harshen uwar kowa ba ne. A yau littattafan koyar da manya suna fitowa kashi biyu, na Arewa da na Kudu, ɗalibi ya zaɓi na inda yake zaune. Gidan rediyon Radio Cymru, wanda aka buɗe a 1977, da gidan talabijin na S4C, wanda aka buɗe a 1982, sun shigar da muryar kowane yanki cikin ɗakin kowa, har saurayin Kudu ya saba da u na Arewa ko da bakinsa bai iya fitar da shi ba.

Duk da haka, akwai hasara wadda ba ta gyaru ba. A ƙarni na 19 da farkon na 20 haƙar kwal ta jawo ɗimbin baƙi zuwa kwaruruwan kudu maso gabas, Turanci ya rinjaya, iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu magana da karin Gwent, har ya zamana a yau masu shi na asali sun kusa ƙarewa. Yaran Kadif suna koyon Welshanci a makarantu, adadinsu kuma yana da yawa, amma wasulan da ke bakinsu na malamansu ne waɗanda suka zo daga sassa dabam-dabam, siririn a na kakanninsu bai dawo ba. Abin da ya saura na wannan kari, mafi yawansa yana cikin faifan da ma'aikatan gidan tarihin al'adu na St Fagans suka fara ɗauka tun ƙarshen shekarun 1950, suna bin tsofaffi gida-gida da na'urar naɗar murya, da kuma cikin ayyukan malamai irin su Alan Thomas, wanda ya fitar da taswirar kare-karen harshen a 1973. Ba don wannan himma ba, da yanzu sai dai a ba da labari cewa an taɓa yin wani furuci, ba wanda zai iya cewa ga yadda yake.

Jama'a masu sauraro, hukuncin da wannan bahasi ya kai mu gare shi a fili yake. Bambancin furuci tsakanin yanki da yanki gado ne mai ƙa'ida da tarihi, kuma yana daga cikin hikimar Mahalicci a cikin bayinsa. Al'umma tana iya haɗuwa a kan rubutu guda ba tare da ta tilasta wa kowa baki guda ba, kamar yadda mutanen Wales suka yi fiye da shekara 400. Saboda haka muna kira ga malaman makarantunmu, su koya wa yara daidaitaccen rubutu da kyau, amma kada su kunyata yaro don ya furta kalma yadda mahaifiyarsa ta furta masa, ko Basakkwace ne, ko Bakatsine, ko Bazazzagi, ko ɗan Damagaram. Muna kuma kira ga samari da 'yan mata, waɗanda Allah ya hore wa na'urar naɗar murya a cikin wayar da ke aljihunsu, su zauna gaban kakanninsu da ladabi, su nemi izininsu, su naɗi hirarsu da tatsuniyoyinsu, su rubuta sunan garin da shekarar, su adana, tun tsofaffin suna raye.